Tudun Katsinan Laka da Gulbin Sakkwato

Matafiyin da ya tashi daga birnin Katsina ya nufi kudu, ya bi ta Dutsin Ma har ya isa Ƙanƙara, ba zai rasa lura da yadda ƙasa take sakewa ba. Can arewa ya baro jigawa, da rairayi, da gonakin gero, da itatuwa jefi-jefi. Yana ƙara yin kudu ƙasa tana ƙara ja, tana ƙara nauyi. Dawa da masara suna ta yawa, gero yana ta raguwa, itatuwa suna kauri. Ga duwatsu kuma dama da hagun, waɗansu a tsaye kamar rumbuna, waɗansu a kwance kamar giwaye. In ya wuce Ƙanƙara ya kai Sheme, ya ratsa ƙasar Faskari har Sabuwa, to, ya taka wani babban tudu wanda mutane masu yawa suke zaune a kansa ba su san girman aikinsa ba.

Mutanen da suna kiran kudancin ƙasar Katsina da suna Katsinan Laka, saboda ƙasar wurin laka ce mai riƙe ruwa, ba irin jigawar arewa ba. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna gefenta na yamma. A yau ƙananan hukumomi ne cikin Jihar Katsina, wadda aka cire daga Jihar Kaduna a 1987. Yamma da su Jihar Zamfara ce. Kudu da Sabuwa ƙasar Birnin Gwari ce, cikin Jihar Kaduna. Gabas kuwa akwai Malumfashi da Bakori da Funtuwa da Dandume.

Masu awon ƙasa, in za su faɗi tsawon tudu, daga fuskar teku suke fara ƙirga. Yawancin wannan tudu yana bisa teku da kamar mita 600, watau ƙafa 2,000, wani wurin ma har mita 700. Birnin Sakkwato kuwa tsawonsa bisa teku kamar rabin haka ne. Mai tafiya a ƙasa ko a mota ba ya jin hawan, domin a hankali ƙasar take tashi. Amma ruwa ya san da shi, gama ruwa ba ya hawa, kullum gangare yake nema.

Duwatsun tudu

Duk inda aka haƙa rijiya a wannan yanki, in aka wuce ƙasar sama, aka wuce marmara da ruɓaɓɓen dutse, za a tarad da falalen dutse mai tauri wanda diga ba ta iya masa kome. Wannan dutse ne gindin ƙasar duka. Masana duwatsu sun ce shekarunsa sun wuce miliyan 500. Duwatsun da ake gani a fili kawunansa ne da suka leƙo waje.

Ga yadda abin ya faru. Ruwan sama yakan tsatsafa cikin ƙasa ya bi tsagar dutse, ya yi ta cinsa shekara da shekaru har ya ruɓe ya zama ƙasa. Inda tsaga take da yawa dutse yakan ruɓe da sauri. Inda yake dunƙule ba tsaga sai ya daɗe bai ruɓe ba. Da zamani ya yi tsawo, ruwa ya kwashe ƙasar da ke kewaye, sai dunƙulen ya rage a tsaye shi kaɗai cikin fili. Har yanzu kuwa aikin bai ƙare ba. Rana takan gasa bayan dutsen da yini, sanyi ya kama shi da dare, ruwa ya shiga tsagarsa, sai fatarsa ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Shi ya sa kan irin waɗannan duwatsu yake da sulɓi, gindinsu kuma cike da manyan ɓaraguzai. Dutsen Kwatarkwashi, wanda ake hange a bakin hanya tsakanin Tsafe da Gusau, yana cikin waɗanda suka fi girma a wannan nahiya.

Ruɓewar dutse ita ce ta haifi ƙasar noma. Ita ce kuma ta haifi farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara, wadda ake yin tangaran da fenti da alli da ita. Sai dai dutsen yana da nasa wahala. Ba ya ajiye ruwa sai a cikin tsaga da ruɓaɓɓen sashensa. Saboda haka rijiya biyu sukan kasance kusa da juna, ɗaya ta yi ruwa, ɗaya ta ƙi, kuma da yawa sukan ƙafe tun bazara ba ta yi nisa ba.

Inda ruwa yake rabuwa

In aka kifa ƙwarya a ƙasa aka zuba mata ruwa a ka, ruwan ba zai bi gefe ɗaya ba. Wani zai gangara nan, wani can. Haka tudun Katsinan Laka yake. Ruwan da ya sauka a kansa da damina hanya uku yake bi.

Kashi na farko, wanda ya fi yawa, yakan bi arewa da arewa maso yamma. A cikinsa ne Gulbin Sakkwato yake, wanda ya taso kusa da Funtuwa. Akwai kuma Gulbin Gagare, wanda ya wuce ta Ƙaura Namoda, da Gulbin Karaduwa, wanda aka datse a Zobe kusa da Dutsin Ma, wanda in ya yi gaba ake kiransa Bunsuru. Gagare da Bunsuru duk Gulbin Rima suke kai wa ruwa. Kashi na biyu yakan gangara kudu ta wajen Birnin Gwari, ya shiga ƙoramun da ke kai ruwa Kogin Kaduna. Kashi na uku, can gabas wajen iyakar Kano, yakan bi Kogin Calawa zuwa Haɗeja, daga nan Kogin Yobe, wanda bakinsa yake Tafkin Cadi.

Saboda haka hadari ɗaya yana iya zuba a kan gonaki biyu na maƙwabta, ruwan wannan ya yi arewa, na wancan ya yi kudu, ba su sake gamuwa ba sai a ƙasar Nufe.

Tafiyar Gulbin Sakkwato

Wanda ya ga gulbin nan a mafarinsa ba zai ce shi ne mai suna ba. 'Yan rafuka ne da yaro yake iya tsallakewa. Rafi ya haɗu da rafi ya zama ƙorama, ƙorama ta haɗu da ƙorama ta zama gulbi. Daga nan ya nufi arewa maso yamma, ya shiga Jihar Zamfara, ya wuce ta Gusau. A wannan sashe gudu yake yi a kan dutse, kwarinsa ba shi da faɗi, kuma yana ɗauke da yashi da laka da ya kwaso daga tudu.

Kusa da Talatar Mafara an tare shi da babbar madatsar Bakolori, wadda aka gama ginawa a 1978 domin noman rani. Daga wajen nan ƙasa ta sake. Dutse mai tauri ya nutse can ƙarƙashi, abin da ke sama shimfiɗu ne na yashi da laka da farin dutse, waɗanda suka kwanta tun zamanin da ruwa ya rufe wurin. Da irin wannan farin dutse ne ake yin siminti a Kalambaina, kusa da Sakkwato. Da gulbin ya shiga ƙasa mai taushi sai ya rage gudu, ya buɗe, ya yi fadama mai faɗi.

Kusa da birnin Sakkwato ya gamu da Gulbin Rima. Watau ruwan Gagare da na Karaduwa, waɗanda suka rabu da shi tun a tudu, sun komo masa. Sa'an nan ya karya ya yi kudu, ya wuce Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ya wuce Birnin Kebbi, yana ba fadamun shinkafa ruwa, har ya zuba cikin Kogin Kwara. Kwara ta ɗauke shi zuwa madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968 domin samar da wutar lantarki, ta wuce Jebba, ta isa daura da Fategi. A nan Kogin Kaduna ya shigo mata, ɗauke da ruwan da ya bi kudu tun daga wajen Sabuwa. Daga nan sai Lokoja, mahaɗar Kwara da Binuwai, sai teku.

Ashe masuncin Argungu da manomin shinkafa na Birnin Kebbi suna da rabo cikin ruwan da ya sauka a Faskari, ko da ba su taɓa taka ƙasar ba.

Damina da rani

Iska biyu ne suke mulkin wannan ƙasa, kowace da lokacinta. Ɗaya takan taso daga teku, kudu maso yamma, ɗauke da laima, ita ce mai kawo hadari. Ɗaya takan taso daga hamada, arewa maso gabas, busasshiya, ita ce hunturu. Da yake Katsinan Laka ta fi arewa kusa da teku, iskar ruwa takan riga isa gare ta, ta kuma daɗe ba ta janye ba. Damina takan kama a watan Mayu ta kai Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta. Abin da ke sauka a shekara yakan kai kamar milimita 1,000, watau inci 40. A birnin Katsina yawanci tsakanin 600 ne da 700.

Duk wannan ruwa cikin wata biyar ko shida yake zuba. A Agusta gulbi yakan cika ya batse har ya hana ƙetarewa. Bayan kaka sai ya yi ta ja baya. Kafin bazara yawancin ƙoramun tudu sun zama rairayi, sai gurabe nan da can. Amma ruwan bai ƙare duka ba, yana nan ƙarƙashin yashi. Mata sukan tona su ɗiba, makiyaya su shayar da shanu, masu lambu su yi ban ruwa ga tumatir da albasa da barkono. A Mairuwa, bakin hanyar Gusau, an yi madatsa domin a tsare ruwan damina a sha shi da rani a Funtuwa.

Noma da kasuwa

Ƙasa mai nauyi da ruwa isasshe su ne suka mai da wannan yanki rumbun Katsina. Ana noma dawa da masara da waken suya da gyaɗa a tudu, shinkafa da rake a fadama. A cikin gonaki manoma sukan bar kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da kuka, gama kowace da amfaninta: man kaɗe, da daddawa, da kunu, da miya.

Auduga tana da tsohon tarihi a nan. Tun kafin zuwan Turawa garin Maska ya yi suna wajen saƙa da rini. A zamanin mulkin Turawa aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari, aka kafa injin gurza a Funtuwa. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙaura Namoda a 1929, ta riƙa kwasar auduga da gyaɗa zuwa bakin teku. Wannan ne ya ɗaukaka Funtuwa har ta zama babban gari. Hanyar mota ma ta bi wannan tudu, daga Funtuwa zuwa Sheme da 'Yankara da Tsafe har Gusau, kuma kasuwannin da ke bakinta sun zama matattarar hatsi da dabbobi.

Duwatsu da daji

A zamanin yaƙe-yaƙe da hare-hare dutse ya fi ganuwa. Mutane sukan kafa gari a gindinsa ko a kansa, su sa mai tsaro a ƙololuwa. Da ya hango ƙurar mahaya sai a kaɗa ganga, a kora mata da yara da dabbobi cikin koguna da lunguna, inda doki ba ya iya shiga. Tsofaffin garuruwa irin su Pauwa da Birnin Kogo suna cikin waɗanda suka riƙe wannan yanki a da. Sunayensu ba su ɓata ba, gama hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa ake ce da shi, kamar yadda ake ce da hakimin Funtuwa Sarkin Maska. Da hare-hare suka ƙare sai mutane suka sauko fili, kusa da gona da hanya.

Tsakanin garuruwan nan da ƙasar Zamfara daji ne mai faɗi. Akwai Dajin Rugu daga arewa, akwai Dajin Kogo daga kudu. An keɓe su tun da daɗewa domin itace da kiwo da namun daji, kuma a watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa Dajin Kogo cikin dazuzzuka goma da ta amince a mai da su gandun daji na ƙasa.

Amma abin da ya zama mafaka ga mai gudu yana iya zama maɓoya ga mai laifi. Da jama'a suka yawaita, gonaki suka ci burtali da makiyaya, husuma ta yi yawa tsakanin manomi da makiyayi, makamai suka shigo, sai ɓarayin daji suka sami gindin zama a cikin dazuzzukan. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga daji da su, ba a sako su ba sai bayan kwana shida. A cikin waɗannan shekaru ƙauyuka da yawa sun tashi, gonaki masu kyau sun kwana ba shuka. Rumbu kuwa in ya sami matsala, ba mai shi kaɗai ke jin yunwa ba.

Haƙƙin mai zama a kan ruwa

Akwai wata ɓarna kuma wadda ba ta da ƙara, amma tana tafe kowace damina, watau zaizayar ƙasa. In ruwan sama ya sauka a wuri mai itace da ciyawa, ganye yakan karya ƙarfinsa, saiwa ta riƙe ƙasa, ruwan ya sami sukunin nutsewa. Wanda ya nutse shi ne yake cika rijiya, shi ne kuma yake tsatsafowa a hankali ya riƙe ƙorama har cikin rani. In kuwa an sare itacen an yi gawayi, an ƙone ciyawa, an nome har bakin gaɓa, ruwan ba ya tsayawa. Sai ya kwarara gaba ɗaya, ya kwashe ƙasar sama mai albarka, ya bar tsakuwa da marmara. 'Yar hanyar da ya yanka bana ita ce kwazazzabon baɗi.

Hasarar kashi biyu ce. Mai gona a tudu ya rasa ƙasarsa, rijiyarsa ta ƙafe da wuri. Mutanen gangare kuma ruwa ya zo musu da yawa a lokaci ɗaya ya ci shinkafarsu, sa'an nan ya yanke musu tun rani bai yi nisa ba. Ƙasar da ruwa ya kwaso kuwa ba ta ɓata, takan kwanta a gindin madatsa. Kowace shekara laka tana ƙaruwa, wurin ajiye ruwa yana raguwa.

Maganin abin ba ya bukatar kuɗi masu yawa, sai dai kula da haƙuri. Manomi ya yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare, domin kowace kunya ta tare ruwa. Ya jera duwatsu a inda ruwa yake gudu. Ya dasa jema ko gamba a bakin kwazazzabo. Ya bar 'yar tazara ba noma a gaɓar ƙorama. Ya kai taki gona. A daina sa wa daji wuta. Wanda ya sare itace ya dasa wani, ya kuma tsare shi daga awaki har ya girma. Manoman ƙasar Maraɗi, waɗanda ruwansu bai kai na Katsinan Laka ba, sun nuna wata dabara tun wajen 1985, wadda suke kira sassabin zamani. In sun zo sassabe ba su tumɓuke kututture mai toho. Sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Da haka gonakin da suka zama fili suka sake yin itatuwa, ba tare da an sayi iri ba.

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kan ruwa suke zaune, watau a inda gulabe suke farawa. Abin da suka yi wa ƙasarsu yana isa Gusau da Sakkwato da Argungu, ko alheri ko akasinsa. Yaron da ya dasa ɗorawa ɗaya a gonar ubansa ya raine ta, ya taimaki gidansu, ya kuma taimaki mutanen da bai taɓa gani ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Don me ake kiran kudancin ƙasar Katsina Katsinan Laka?
2. Ina ne mafarin Gulbin Sakkwato, kuma ina ya zuba?
3. Faɗi hanyoyi uku da ruwan wannan tudu yake bi.
4. Yaya duwatsun da ake gani a fili suka samu?
5. Wace hasara zaizayar ƙasa take jawo wa mutanen tudu, wace kuma take jawo wa mutanen gangare?
6. Zana taswirar Gulbin Sakkwato, ka sa Funtuwa da Gusau da Bakolori da Sakkwato da Argungu.